HAKKIN HANYA: WA YA BA MU IZININ CINYE KAFAƊAR TITI?

Ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu tattauna a kan wani laifi wanda kusan dukkanmu muna da hannu a cikinsa, amma saboda yawan aikata shi har mun daina ganinsa a matsayin laifi.

Kwanakin baya na taso daga Kaduna zan tafi Kano a motar haya. Mun wuce Zariya ke nan da ɗan nisa, sai muka tarar da cunkoso. Labari ya zo daga gaba cewa wata ƙaramar mota ce ta daki bayan wata tirela da ta lalace aka bar ta rabi a kan kwalta rabi a gefe. Kafin ka ce kwabo, titin da aka yi shi don layi biyu ya koma layi biyar. Wasu suka sauka kafaɗar titi, wasu suka bi ta cikin ƙura a bayan kafaɗar, wasu kuma suka nemi inda shingen tsakiya ya ɓalle suka tsallaka hannun masu zuwa daga Kano, suka toshe su su ma. Can sai ga jiniyar motar ɗaukar marasa lafiya daga bayanmu. Muna jin ta tana kuka, tana kuka, amma babu ko taki ɗaya da za a matsa mata, domin kuwa wurin da ya kamata ta bi mun cika shi.

Na ce "mun" da gangan, saboda motarmu tana cikin waɗanda suka hau kafaɗar, kuma mu fasinjoji ne muka zuga direban. Wani daga baya ya ce, "Haba direba, kowa yana wucewa kai ka tsaya?" Ni kuma na yi shiru, raina yana so. Wani dattijo ne kawai a gidan gaba ya ce, "Yaro, ka tsaya a layinka, akwai rai a gaba." Direban ya ce, "Baba, in na tsaya a nan za mu kwana." Da muka isa wurin, an riga an ɗora waɗanda suka ji rauni a kan babura, an kuma lulluɓe wani da zani a gefen hanya. Mota ta ɗauki salati, kowa yana cewa kwana ya ƙare. Har yau ina tambayar kaina, shin da jiniyar nan ta sami hanya, da wanda aka lulluɓe ɗin yana cikin waɗanda aka kai asibiti? Allah ne masani. Amma abin da na sani shi ne mun tare hanyar ceto domin mu rage wa kanmu 'yan mintoci.

MENE NE AMFANIN KAFAƊAR TITI?

Wannan fili da ake bari a gefen dama na babban titi, bayan farin layin ƙarshe, wanda direbobi suke kira sholda, injiniyoyi ba su bar shi don kwalta ta yi musu yawa ba. An bar shi ne domin motar da ta sami matsala, taya ta fashe ko inji ya mutu, ta sami inda za ta janye daga bakin motocin da suke tahowa a guje. An bar shi kuma domin motar asibiti da ta kashe gobara da ta jami'an ceto su sami hanya idan titi ya cushe. Haka nan direban da wani abu ya faɗo masa kwatsam yana samun inda zai kauce maimakon ya faɗa rami. Kuma ita ce take riƙe bakin kwaltar don kada ruwa da nauyi su dinga gutsurarsa.

To, mu me muka mayar da ita? Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kano ya san amsar. A Tafa da Mararrabar Jos kafaɗar titi ta daɗe da zama garejin manyan motoci, inda tireloli da tankoki suke jeruwa har su ci wani ɓangare na kwaltar. A garuruwan kan hanya ta zama kasuwa, mai rake da mai tumatir da mai dankali kowa ya kasa hajarsa. Da kaka ta zama wurin shanyar hatsi da barkono. Ga masu motar haya ta zama tasha, ana saukewa ana ɗauka a duk inda aka ɗaga hannu. Idan kuma aka sami cunkoso sai ta zama titin masu wayo. Ranar da aka buƙace ta don abin da aka yi ta dominsa, sai a tarar babu ita.

Har wanda lalura ta sa ya tsaya a kanta, sau da yawa bai san cewa wurin yana da hatsari ba. Motar da take tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan direban da ya sunkuya ya duba wayarsa na daƙiƙa uku ya yi tafiyar sama da mita 80 ido a rufe. Idan sitiyarinsa ya ɗan karkata dama a wannan lokacin, kai da kake tsugune kana canza taya, ko iyalinka da ka bari a zaune cikin mota, ku ne a gabansa. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a matsar da mota can ƙarshen gefe, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku da nisa a baya, a kuma fitar da kowa ta ƙofar da ba ta kallon titi, su hau can nesa da kwalta. Mu kuwa sai mu karyo ganye mu jera duwatsu, waɗanda da daddare ba mai ganinsu, in mun gama gyara kuma mu tafi mu bar duwatsun su zama tarkon wani bawan Allah.

KOWA DA LAYINSA

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama. Ma'anar wannan a tagwayen hanya ita ce, layin dama shi ne na tafiya, layin hagu da yake jikin shingen tsakiya kuma na wuce wata mota ne, in ka wuce ka koma damanka. Sama da shekara hamsin ke nan, amma har yau ka ga tirela ta ɗauko siminti tana rarrafe a layin hagu, direbanta ya kafe ya ƙi matsawa. Wanda yake bayansa ya gaji, sai ya zagaya ta dama, inda madubin babbar mota ba ya nuna shi sosai. In damar ma a cike take sai ya sauka kafaɗa, inda ƙila akwai motar da ta lalace, ko yaro da tallarsa, ko mai keke. Dubi yadda laifin mutum ɗaya yake haifar da na biyu da na uku.

Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade cewa a irin wannan babban titi ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Wannan bambancin gudu shi kansa ya isa ya nuna dalilin raba layi, domin mai 60 da mai 100 ba za su zauna lafiya a layi ɗaya ba. Kuma bari mu yi lissafin abin da mai gudun wuce sa'a yake samu. Tsakanin Kaduna da Kano kimanin kilomita 230 ne. Mai tafiyar 100 zai yi awa biyu da minti 18, mai tafiyar 120 kuma zai yi awa ɗaya da minti 55. Ribar duka minti 23 ce. Amma tazarar da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ya ƙaru, har in ka ninka gudu sau biyu tazarar ta ninku sau huɗu. Daga 100 zuwa 120 kawai, tazarar ta ƙaru da kusan rabi. Minti 23 ke nan ake saye da rayukan mota guda, alhali in an isa ma, a shagon mai shayi ake ɓatar da su.

Mafi muni a cikin duka shi ne bin hannun da ba naka ba, abin da ake kira wanwe. Mutum yana ƙyashin ya yi tafiyar kilomita biyu ya kai mahaɗar da zai juya, sai ya kunna fitila ya tunkari jama'a gaba da gaba. Wanda yake kan hannunsa bai taɓa tsammanin ganin mota ta nufo shi ba, kuma gudunsa da naka haɗuwa suke yi su zama ɗaya a lokacin karo. A Legas an kai ga ƙwace motocin masu wannan ɗabi'a, har aka yi gwanjon wasu a bainar jama'a a 2022. A nan wajenmu kuwa har ɗaga wa mai wanwe hannu ake yi ana ba shi hanya.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Na san ɗan'uwana direba yana da abin cewa, kuma adalci ne a saurare shi. Zai ce titin ne ya lalace, layin dama duk manyan motoci sun tumurmushe shi, dole ya koma hagu. Zai ce 'yan kwangila da kansu suke haɗe hannu biyu a hannu ɗaya na tsawon watanni, su ne suka koya wa mutane wanwe. Zai ce a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Rijana da Katari, tsayawa cikin cunkoso ko a gefen daji shi kansa hatsari ne. Zai ce mai mota yana jiran balas da yamma, ga tsadar mai, ga na 'yan kamasho, ga na masu shinge a hanya, in bai yi sawu biyu ba gidansa ba a ɗora tukunya.

Duk wannan gaskiya ne, kuma kaso mai girma na alhakin yana wuyan masu mulki. An ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 375, tun watan Disamba na 2017. Sai a 2023 aka ƙaddamar da kimanin kilomita 200 tsakanin Kaduna da Kano, a 2024 kuma gwamnati ta karɓe ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun kamfanin farko ba a gama ba. A tsawon waɗannan shekaru talakawa ne suka biya da jininsu. Gwamnatin da ba ta tanadar wa manyan motoci isassun wuraren kwana ba, da wane baki za ta hana su kafaɗar titi? Ina motocin janwe da za su ɗauke tirelar da ta mutu kafin dare ya yi? Sannan su wa suka fi kowa keta layi da bin wanwe in ba ayarin manya masu jiniya ba, waɗanda ake kora talaka cikin rami don su wuce? Yaron da ya tashi yana ganin mai yin doka yana taka ta, me kake tsammani in ya kama sitiyari?

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda aka gyara titin ya zama sumul, shin hatsarin ya ƙare? Sai ma aka sami filin taka totur. A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, a kan hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum ashirin suka rasu, saura ƙiris su iso gida bayan doguwar tafiya. Allah Ya jiƙansu. Alkaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar nan a 2023, haka ma a 2024, kuma wannan wanda ya shiga takarda ke nan. Hukumar tana sanya gudun wuce ƙima a sahun gaba cikin dalilan haɗurra, ƙafar da take taka totur kuwa ta direba ce. Haka nan ba gwamnati ce ta sa mu cika kafaɗar titi a ranar da na ba da labari ba.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Domin mu gane darajar abin da muke wasa da shi, mu dubi Ingila. Saboda cunkoso, sun fara gwada buɗe kafaɗar titi ga motoci a wasu lokuta a 2006, daga baya suka mayar da ita cikakken layi a wasu manyan hanyoyi, suka dogara da kyamarori da allunan lantarki da za su rufe layi in mota ta mutu, da wuraren fakewa jefi-jefi. Duk da wannan kayan aiki, an yi ta samun motocin da suka mutu a tsakiyar layi aka dake su ta baya, iyalan mamatan suka tashi da ƙorafi, har a watan Afrilu na 2023 gwamnatin ƙasar ta soke gina sababbin hanyoyi irin waɗannan. Su da suke da kyamara da kuɗi sun ja da baya, mu da ba mu da ko fitilar titi mun soke tamu kafaɗar da kanmu ba tare da wani ya zauna ya yi shawara ba. A can kuma tun 2013 ɗan sanda yana iya cin mutum tarar fam 100 nan take in ya kafe a layin tsakiya ba dalili. A Jamus kuwa doka ce, da zarar cunkoso ya fara, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar rariya a tsakiya domin masu ceto, tun kafin a ji jiniya. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, tarbiyya kawai yake buƙata.

ƘADDARA DA SAKACI

Ya ɗan'uwa, mun yi imani da ƙaddara, kuma babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba. Da haka ne, da shari'a ba ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba, har da azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Mu nawa ne muka san haka? Direbobi nawa ne suka yi sanadin rai ta hanyar wanwe ko aron hannu a kwana, aka yi sulhu a ofishin 'yan sanda, iyalan mamaci suka ce sun bar wa Allah, shi ke nan aka koma tasha washegari ba tare da an tambayi malami abin da ya hau kansu ba?

Tun muna yara aka karantar da mu cewa hanya tana da hakki, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta aikin lada ne. To in ɗauke ƙaya daga hanya lada ne, mene ne matsayin wanda ya ajiye tirela ba fitila a kan kwalta ya tafi ya kwanta? Abin mamaki, mu ne muka fi kowa sanin sahu. Yanzun nan muka fito daga masallaci, inda aka ce a daidaita, kowa ya tsaya inda ya samu, babba da yaro, ba mai tsallake wuyan wani. Mutumin da ya yi wannan da ƙarfe biyu, shi ne da ƙarfe uku zai hau titi ya kasa haƙurin tsayawa a bayan ɗan'uwansa. Kai, wani lokaci ma a ƙofar masallacin muke fara toshe hanya da fakin barkatai, mu hana mai ɗauke da mara lafiya wucewa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kira na farko ga masu mulki ne. A gama hanyoyin da aka fara, a shata layuka da fenti mai ɗaukar ido da daddare, a gina wa manyan motoci wuraren kwana sannan a tashe su daga bakin kwalta, a ware wa 'yan kasuwar kan hanya fili a can ciki, a kuma sa motocin janwe a tsakanin garuruwa. Hukunci kuma ya fara daga ayarin manya, domin ranar da aka tsayar da motar wani babba a kan wanwe aka ci ta tara, ranar ce ɗan tasi zai yarda da gaske ake yi.

Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su ma su sani cewa karɓar kuɗin lodi yana tare da amana. Direban da ya kwana yana tuƙi bai kamata a sake yi masa lodi da asuba ba. Masu motoci su rage wa yaransu nauyin balas, domin wanda ya ƙayyade kuɗin da ba a samunsa sai da gudu, yana da kaso a cikin abin da gudun ya haifar. Malamanmu kuma, kamar yadda ake karantar da hukuncin ciniki da na aure, a karantar da hukuncin sitiyari, a masallatan tasha musamman.

Sai mu fasinjoji, waɗanda muka fi kowa yawa kuma muka fi kowa mutuwa. Mu daina zuga direba, mu daina yi wa mai tafiya a hankali ba'a da cewa bai iya ba. In mutum ɗaya ya yi magana, irin dattijon nan na motarmu, mu mara masa baya maimakon mu bar shi shi kaɗai. In mun tarar da hatsari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, mu kira, mu taimaka in za mu iya, in ba za mu iya ba mu ba da wuri, kada mu taru muna ɗaukar hoto. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, mu yi nesa da ita, abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025 ya ishe mu wa'azi.

Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari, ba zan sake yin shiru a motar da ta hau kafaɗar titi a cikin cunkoso ba, ko da za a ce na cika surutu. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wata rana jiniyar da take kuka a baya tana neman hanya, mai yiwuwa ni ko kai ko ɗanka take zuwa ɗauka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya ba masu jinya lafiya. Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya kuma tsare hannayenmu daga jinin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.